Tufar da Aka Gauraya: Wane Zare ne Ke Ba Ta Suna?

Tufa ba ta cika zuwa da zare iri ɗaya ba. Tun zamanin da, masaƙa kan haɗa zare biyu ko uku a ƙyalle guda, domin kowane zare yana da abin da ya iya da abin da ya gaza. Auduga tana shan zufa kuma tana da sanyi a jiki, amma tana saurin yamutsewa. Ulu, wato gashin tumaki, yana riƙe ɗumi saboda silinsa a lanƙwashe yake, iska na maƙalewa a tsakaninsa. Lilin, wanda ake cirowa daga ɓawon karan tsiron da Larabawa ke kira kattan, yana da ƙarfi da sanyi, sai dai ba ya da laushin lanƙwasa. Alharini kuwa daban yake da su duka. Tsutsa ce ke tofar da shi don ta naɗe kanta, kuma sili ɗaya daga gidan tsutsa ɗaya yakan kai mita 300 zuwa 900 bai tsinke ba, alhali silin auduga bai cika wuce santimita 3 ko 4 ba. Wannan tsawo da santsi su ne asalin ƙyallinsa da ƙarfinsa, su ne kuma asalin tsadarsa.

Haɗin yana aukuwa a matakai dabam-dabam. Ana iya cakuɗa sili da sili tun a wurin shiɓa, kafin a kai ga kaɗi, yadda zaren da zai fito daga mazari ya riga ya zama gauraye, ba mai iya raba shi da hannu. Ana iya kaɗa kowane zare shi kaɗai, sannan a murɗe biyu su zama ɗaya. Hanyar da ta fi yawa a wurin masaƙan da ita ce a yi wadari da zare iri ɗaya, wato zaren tsaye, sannan ƙoshiya ta riƙa kai da komo da wani iri dabam a gicciye. Akwai kuma abin da ake ɗorawa bayan an gama saƙa, kamar aikin allura a gaban riga ko shafin da ake yi wa bakinta. Masaƙi da ɗan kasuwa suna kallon waɗannan hanyoyi ta fuskar ƙarko da farashi. Malamin shari'a yana kallonsu ta wata fuska: idan ɗaya daga cikin zarurrukan haramun ne a sa shi, ɗayan kuma halal, hukuncin wanne tufar za ta ɗauka?

A Musulunci tambayar ta taso ne a kan alharini. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah (SAW) ya riƙe alharini a hannun dama da zinariya a hannun hagu, ya bayyana cewa an hana mazan al'ummarsa su biyun. Mata an halatta musu. A kan tsantsar alharini ga namiji mazhabobi huɗu ba su saɓa ba. Amma hanin ya zo da rangwame tun farko. Hadisin Sayyidina Umar da ke cikin Sahihu Muslim ya keɓe gwargwadon faɗin yatsa biyu ko uku ko huɗu. An yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu sassauci su sa rigar alharini saboda ƙaiƙayin da ke damunsu. Asma'u 'yar Abubakar ta fito da wata jabba ta Manzon Allah (SAW) wadda aka yi wa wuyanta da tsaginta shafi da dibaji, wanda shi ma alharini ne. Wannan ya nuna cewa alharini ba ƙazanta ba ne kamar mushe, wanda ake gudun taɓa shi. Akwai adadin da in ya kai ake cewa mutum ya sa alharini, akwai kuma wanda bai kai ba. Duk saɓanin da ya biyo baya a kan neman wannan iyaka ne.

Ruwayoyin da suka shafi gaurayen ƙyalle sun ja ta ɓangare biyu. A ɗaya ɓangaren, an hana tufafin da ake kira ƙassi, waɗanda ake kawowa daga Masar da ratsin alharini a jikinsu. Haka nan lokacin da Sayyidina Aliyu ya sa wata tufa mai ratsin alharini da aka ba shi, ya ga ɓacin rai a fuskar Manzon Allah (SAW), sai ya tsaga ta ya raba wa matan gidansa. A ɗaya ɓangaren kuma, Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa abin da aka hana shi ne tufar da take tsantsar alharini, amma ɗan ado da zaren tsaye ba laifi. Sannan ga hazzu, ƙyallen da zaren tsayensa alharini ne, na gicciye kuma ulu ko gashin wata dabba. An ruwaito cewa sahabbai da dama sun sa shi, kuma a cikin Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo cewa Nana A'isha ta tufatar da Abdullahi ɗan Zubairu da mayafin hazzu wanda ita take sawa.

Hanafawa sun warware matsalar da duban yadda ake saƙa. A wurinsu, in zaren tsaye alharini ne, na gicciye kuwa auduga ko ulu, namiji zai iya sawa. In an juya, na gicciye ya zama alharini, ba a yarda ba sai a fagen yaƙi. Hujjar da Marginani, mai littafin Hidaya, wanda ya rasu a 1197, ya kawo hujja ce da duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masaƙa zai gane: kafin a jefa ƙoshiya, wadari ne kawai a miƙe, ba wanda zai kira shi tufa. Zaren gicciye ne ke mayar da shi ƙyalle, saboda haka shi ke da suna, shi ke da hukunci.

Shafi'awa sun ɗauko sikeli. In nauyin alharini ya fi na abokin haɗinsa, haramun ne. In bai kai ba, halal ne. In sun yi kunnen doki, abin da Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya inganta shi ne halacci, domin ba a kiran irin wannan tufar alharini. A cikin mazhabar an sami masu cewa a duba abin da ya bayyana ga ido, amma nauyi ne ya zama abin dogaro. Hambalawa su ne suka riƙe bayyana: abin da ya rinjaya a fuskar ƙyallen, wanda mai kallo ke gani, shi ne abin lura.

Malikawa, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun fi kowa ɗari-ɗari. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ambaci cewa an yi saɓani a kan hazzu, wasu sun halatta wasu sun karhanta, haka ma adon alharini a jikin tufa, in ban da siririn layi. Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1126, ya jero ra'ayoyin da ke cikin mazhabar, daga halacci zuwa haramci, har da na masu halatta hazzu shi kaɗai don an ga magabata sun sa shi, su hana sauran gauraye. Shi kansa ya rinjayar da karhanci, bisa cewa abin yana cikin shubuhohi: wanda ya bari ya sami lada, wanda ya sa bai yi zunubi ba. Ana iya ganin wannan kamar ƙin yanke hukunci, amma hukunci ne shi ma. Yana cewa hujjojin sun yi daidai da juna, kuma malami bai da ikon ƙera tabbas a inda nassi bai bayar ba.

Ma'aunai uku ke nan, tsarin saƙa da nauyi da gani, kuma a ƙyallen da aka yi wa saƙa mai sauƙi, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa, sau da yawa sukan kai ga amsa ɗaya. Masaƙa ne suka raba su. A daular Usmaniyya da Indiya an shahara da wani ƙyalle da ake kira mashru, sunan da aka ɗauko daga kalmar Larabci mai nufin abin da shari'a ta yarda da shi. Zaren tsayensa alharini ne, na gicciye auduga, daidai da sharaɗin Hanafawa, waɗanda mazhabarsu ce ta sarakunan Istambul da na Mugal. Amma saƙar ba mai sauƙi ba ce. Ana barin kowane zaren alharini ya haye zaren auduga huɗu ko fiye kafin ya nutse ƙarƙashin ɗaya. In huɗu ya haye, kashi huɗu cikin biyar na fuskar ƙyallen alharini ne zalla, yana walƙiya, audugar kuwa ta koma ciki tana taɓa fata. Har yau ana saƙa shi a Patan da Mandbi a jihar Gujarat, ana kuma saƙa ɗan'uwansa kutnu a Gaziyantef ta Turkiyya, ko da yake zaren zamani ya maye gurbin alharinin a yawancinsa.

Mashru ya ci jarrabawar Hanafawa ba tantama. Yana iya cin ta Shafi'awa, domin alharini siriri ne, auduga mai kauri kan fi shi nauyi ko da shi ne ya rufe fuska. A ma'aunin gani kuwa ya faɗi warwas. Ƙyalle ɗaya ne, a jikin mutum ɗaya, amma amsarsa ta dogara da abin da mai tambaya ya ɗauka shi ne haƙiƙar tufa: abin da ya gina ta, ko abin da ya fi yawa a cikinta, ko abin da take nuna wa jama'a. Akwai masu kallon mashru a matsayin dabarar zagaye doka, akwai masu kallonsa a matsayin shaidar cewa mutane sun damu da dokar har suka sake fasalin masaƙarsu dominta. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, kuma sunan da aka raɗa wa ƙyallen ya nuna cewa mai saye yana buƙatar a kwantar masa da hankali.

Ƙasar Hausa ta san wannan tambaya ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce alharinin da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus, ragowar silikin masaƙun Turai da aka rina ja mai ɗaukar ido, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa a Kano a 1851. Da shi ake yin ratsi a saƙa, da shi ake shafin manyan riguna. Ta biyu ita ce tsamiya, alharinin gida, wanda ake samu daga tsutsotsin da ke yin gida ɗaya su da yawa a jikin itatuwa, ciki har da itacen tsamiya. Ana dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa shi a mazari kamar auduga, domin ba ya warwaruwa sili ɗaya dogo. Launinsa toka-toka ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, ba ya ƙyalli, amma rigar tsamiya da aikin tsamiya a gaban riga, irin su aska biyu da aska takwas, kayan manya ne. Tsamiya ta juya matsalar mashru: asalinta tsutsa, ganinta kuwa ba na alharini ba. Littattafan fiƙihu sun san makamancinta, wato ƙazzu, alharinin da tsutsa ta huda ta fice, mai dusasshen launi. Abin da Shafi'awa suka tafi a kai shi ne hukuncinsa hukuncin alharini ne, duk da an sami ra'ayi mai rauni da ya halatta shi don ba tufar ado ba ce. Aikin allura ma ya sami nasa bayani: wasu malaman Shafi'iyya na baya sun ɗauke shi kamar saƙa, a auna shi da nauyin rigar gaba ɗaya, shafin baki kuwa a bar shi ga al'adar mutanen wuri. Da wannan ma'auni babbar riga ta auduga mai yalwar aiki tana da mafita, domin komai faɗin aikin, da wuya ya rinjayi nauyin rigar. Da siririn layin Risala kuwa mafitar ta ƙuntata.

Yahudawa suna da tasu dokar gauraye, kuma kwatanta ta da ta Musulunci yana fito da abin da kowace ke nufi. A Littafin Firistoci 19:19 da Maimaitawar Shari'a 22:11 an hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, abin da ake kira sha'atnez. A nan babu zaren da yake haramun a kan kansa. Ulu halal ne, lilin halal ne, mutum zai iya sa rigar ulu a kan rigar lilin muddin ba a ɗinke su tare ba. Haɗuwar ce abin hani, ga maza da mata baki ɗaya. Saboda haka rinjaye ba ya aiki: zaren lilin guda ɗaya da aka ɗinka maɓalli da shi ya isa ya haramta kwat ɗin ulu sukutum. Ba a cewa ulu ya rinjayi lilin, tunda ba lilin ne laifin ba.

Duk da haka rinjaye ya shigo ta wata kafa. Mishna, a babi na 9 na sashen Kilayim, ta yi bayanin gashin raƙumi da aka cakuɗa da ulun tumaki kafin kaɗi. In gashin raƙumi ya fi yawa, zaren ya tashi daga sunan ulu, ana iya haɗa shi da lilin. In ulu ya fi, ko sun yi daidai, an hana. Malaman Yahudu sun bambanta gaurayen sili da gaurayen zare, sun yarda cewa a na farko ƙaramin kashi yana iya rasa sunansa, a na biyu ba ya rasawa. Game da dalilin dokar, da yawansu sun sa ta cikin umarnin da ake bi ba tare da an bayyana hikimarsa ba. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204 a Masar, ya danganta ta da nisantar tufafin bokayen masu bautar gumaka. Wasu sun lura cewa tufafin babban firist sun ƙunshi ulu da lilin tare, sai suka fahimci cewa an keɓe haɗin ne ga wurin ibada. Yawancin Kiristoci suna ɗaukar dokar cikin ƙa'idodin ibadar Isra'ila da ba su hau kansu ba. Yahudawa masu riƙo da ita kuwa suna da ɗakunan gwaji na musamman, irin wanda Joseph Rosenberger ya buɗe a Brooklyn ta Amurka a farkon shekarun 1940, inda ake farke cikin wuyan kwat a ciro zare a duba.

Abin da mai gwajin ke gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana da alaƙa da wata tsohuwar muhawara ta masana falsafa. Aristotal ya bambanta cakuɗuwa ta haƙiƙa, inda abubuwa biyu ke narkewa su zama abu na uku, da zaman kusa da juna kawai, kamar a zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya. Ya ce ɗigon giya a cikin ruwa mai ɗimbin yawa ya daina zama giya. Malaman fiƙihu suna da kalmominsu na wannan, istihlaki ga abin da ya ɓace a cikin wani, istihala ga abin da ya rikiɗe, kuma da irin wannan tunani Malikawa ke duba ruwan da wani abu ya faɗa ciki, ko launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya. Amma zare ba ya narkewa. A madubi, silin ulu yana nan da ɓawo-ɓawonsa kamar na kifi, na lilin da gaɓoɓinsa kamar gora, na auduga a murɗe kamar ɗan kirtani, na alharini sumul. Gaurayen zare kullum gero da dawa ne. In an ce alharini kashi 30 ya ɓace a cikin auduga kashi 70, ba a ƙyallen ya ɓace ba, a bakin mutane ya ɓace, tunda ba wanda zai kira yadin alharini. Hukuncin rinjaye a nan hukunci ne a kan suna, kuma wannan ba aibi ba ne, domin nassin da kansa da sunan abu ya zo, da harshen da mutane ke magana da shi.

Zamani ya ƙara ɗaure kan maganar ta hanyar raba ƙyalli da tsutsa. A 1889 Bafaranshen nan Chardonnet ya nuna alharinin roba a baje kolin Faris. A 1892 aka yi rajistar hanyar yin biskos a Ingila, wato zare mai sheƙi da ake narkar da ɓargon itace a fitar. Nailan ya biyo baya a 1935 a kamfanin DuPont, foliyesta kuma a 1941 a hannun Whinfield da Dickson. Ita kanta auduga an koyi sa ta ƙyalli ta hanyar jiƙa ta a ruwan soda mai ƙarfi tana a ɗaure, dabarar da ta samo asali daga aikin John Mercer na 1844. Shaddar da ake rububi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, irin ta Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, auduga ce, amma tana ɗaukar ido kamar alharini, kuma kuɗin ɗinki ɗaya na mai kyau ba na talaka ba ne. Malaman wannan zamani galibi sun halatta wa maza alharinin roba, don sunan kawai ya ara, ba tsutsa ce ta yi shi ba.

Nan ne tambayar dalilin hanin ke dawowa da ƙarfi. Malamai sun ambaci hikimomi da dama: gudun alfahari da taƙama, gudun kamanceceniya da mata, gudun narkewa cikin jin daɗi, da karya zuciyar matalauci. In alfahari ne dalili, mai shadda ta alfarma ya fi mai tsohuwar hular alharini kusa da laifi. Amsar masana usulu ita ce ana rataya hukunci ne a kan siffa bayyananniya wadda za a iya iyakancewa, ba a kan hikimar da ke ɓoye a zuci ba. Ana iya tabbatar da cewa zare na tsutsa ne, ba a iya auna girman kai da sikeli. Taƙama da almubazzaranci suna da nasu hanin dabam, wanda ya hau kan kowace tufa ko da ta buhu ce. Amsar tana da ƙarfi, ko da yake ta bar wani abu a buɗe: mutum na iya kuɓuta daga hukuncin zare ya faɗa cikin abin da hukuncin ya zo ya tsare.

A aikace, masana'antar yau ta rage amfanin ma'aunin Hanafawa, domin yawancin gaurayen zamani a matakin sili ake yinsa. Yadin foliyesta kashi 65 da auduga kashi 35 zarensa na tsaye da na gicciye iri ɗaya ne; an haɗa su don auduga ta sha zufa, tunda takan riƙe damshi kusan kashi 8 na nauyinta, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba, shi kuma ya hana yamutsewa. Haka ake haɗa alharini da ulu ko da auduga a yadin kwat da ɗaurin wuya. Ma'aunin gani ma ya raunana, tunda ido ba ya raba biskos da alharini. Nauyi ne ya rage, kuma shi dokokin kasuwanci suka ɗauka: dokar Amurka ta 1958 da ta Tarayyar Turai ta 2011 duka sun wajabta a rubuta kason kowane zare bisa nauyinsa a takardar da ke jikin tufa. Yadin da ake yankowa daga bandir sau da yawa ba ya zuwa da wannan takarda, kuma kalmar siliki a bakin mai kanti ta haɗa na tsutsa da na roba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne tsohon gwajin wuta. A zare sili kaɗan a kusanta da ashana: alharini da ulu suna ƙonewa a hankali da warin ƙonannen gashi, su bar baƙin gawayi mai murƙushewa a yatsa, auduga da biskos suna ci da sauri da warin takarda, su bar toka mai laushi, foliyesta da nailan suna narkewa su dunƙule su yi tauri. A yadin da tsaye da gicciye suka bambanta, sai a gwada kowanne shi kaɗai. A wanda aka gauraya tun daga sili, wutar tana iya nuna cewa akwai alharini ko ulu a ciki, amma ba ta raba su biyun, ba ta kuma faɗin ko alharinin ya kai rabi.